Bikingawa Marasa Ido

A bayan shagon gyaran agogon kakana, Malam Nasidi, akwai wani ɗaki da Mama ba ta shiga. Tebur ne kawai a ciki, amma a kan teburin akwai ƙasa guda. Koren bargo shi ne fili. Shuɗin ƙyallen shadda a gefe ɗaya shi ne teku, wani siririn ƙyalle kuma kogi, da gadar tsinken tsire a kansa. Tuddai ƙoƙuna ne da aka kife, gidaje kwalayen ashana. Mutanen ƙasar kuwa sojoji ne na dalma, kowanne bai kai ɗan yatsana tsawo ba.

Rabinsu na Kaka ne. Su ne Bikingawa, mutanen arewacin Turai na zamanin da, masu gemu da gatari da garkuwa, waɗanda ke zuwa a jirgin ruwa su kai hari. Ɗaya rabin Normandawa ne, masu dawaki da dogon mashi, kuma na Papa Anatol ne, wani Kirista, tsohon malamin tarihi daga unguwar Miskine. Wani Bafaranshe da suka koyar tare ne ya bar masa akwatin sojojin lokacin da zai koma gida. Wata rana ƙafar wani soja mai gatari ta karye, Papa ya kawo wa mai gyaran agogo. Kaka ya maƙala madubinsa a ido, ya liƙe ƙafar, sannan ya tambayi me ake yi da waɗannan 'yan mutane. Tun ba a haife ni ba aka yi tambayar nan, kuma tun daga lokacin kowace Lahadi bayan azahar sai Papa ya jingine kekensa a ƙofarmu. Sojan nan kuwa Gurgu Kaka yake ce masa, kuma ya fi son shi a kan sauran.

Mama, wadda 'yar Kaka ce, ba ta taɓa amincewa da abin ba.

"Baba, gumaka da ƙwayar ludo a gidan Musulmi? Mala'iku ta ina za su shigo?"

"Hureira, je ki duba su da kyau. Kin ga mai ido a cikin nawa?"

Gaskiyarsa. Kaka da hannunsa yake fentin Bikingawansa, har ɗinkin takalmi yana fitarwa, amma bai taɓa ɗiga wa ko ɗaya ido ba. Ko kan dodon da ya sassaƙa a goshin jirginsu ba shi da ido. Ya ce abin da ba shi da ido bai cika sura ba. Ba a sa kuɗi a wasan, kuma da an kira salla sai a lulluɓe teburin da farin zane. Papa Anatol kan cire hularsa ya jira a benci, in Kaka ya dawo ya ce, "Orloje, na gano abin da ya sa kullum suke faɗawa tarkona. Makafi ne."

Orloje yake kiran Kaka, wato mai agogo da Faransanci, Kaka kuma ya kira shi Metir, wato malam. Da Sango, yaren garinmu, suke faɗansu. Ni, Ummuhani, Alƙali suke ce mini, don ni ke riƙe sandunan awo guda biyu, doguwa ta mahaya da gajeriya ta 'yan ƙasa, kuma ni na haddace dokokin. A waje ina tsoron karnuka, ina tsoron hawa babur, in malami ya kira sunana a aji muryata ɓacewa take. A ɗakin nan kaɗai nake magana a ji.

Wasan ba wuya. Ka auna, ka matsar da sojojinka, in sun haɗu da abokan gaba a jefa ƙwaya, wanda ya faɗi a sa shi a gwangwanin madara. Bikingawa suna da hanyar ci biyu: ko su kashe sarkin Normandawa, ko su koma jirginsu da rabin mutanensu a raye. Kaka bai taɓa bin ta biyun ba. Cin matsorata yake ce mata. Kullum sai ya jera garkuwa a tsakiyar ƙauye ya tsaya har mutum na ƙarshe, kuma kusan kullum a can Papa ke gamawa da shi. Akwai kuma dokokinsu na kansu, waɗanda ba su cikin littafi: ba mai taɓa sojan wani, kuma ba a kwashe tebur sai yaƙi ya ƙare, ko da zai kai wata.

Lahadin farko ta Disambar 2013 yaƙi yana tsaka Papa ya miƙe, ya ce gara ya kama hanya da sauran rana, gari ba daɗi. Na lulluɓe teburin.

"Sai Lahadi, Orloje."

"Sai Lahadi, Metir. Ka taho da likkafanin dawakinka."

A cikin makon nan garinmu Bangui ta kama da wuta. Ba zan iya rubuta abin da ya faru ba, wasu sun fi ni gani. Abin da na sani shi ne unguwarmu ta Musulmi, Kilomita Biyar, ta zama kamar ɗaki da aka kulle daga waje. Mutanen wasu unguwanni suka cika harabar Masallacin Koudoukou da tabarmi da tukwane. Miskine da muke zuwa da ƙafa ta zama wajen da ko sunansa ba a faɗa da ƙarfi. Kullum da safe Kaka ya kira lambar Papa, kullum a ce masa a kashe take.

Abbana yana Garoua-Boulaï, bakin iyakar Kamaru, can rikicin ya same shi ya je sayen kaya. Da aka fara fitar da mutane a manyan motoci da rakiyar sojoji, ya yi ta waya har ya samo mana wuri a motar wani abokinsa. Mama ta ɗaure kaya. Kaka ya ce Allah ya kiyaye hanya.

"Kamar yaya Allah ya kiyaye hanya? Baba, har da kai fa."

"Ina da baƙo ran Lahadi."

"Wane baƙo? Baba, mutumin nan ko yana raye ba mu sani ba!"

"To kin ga ke ma ba ki sani ba."

Mama ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, abin da take yi in tana son kada ta yi kuka. Ta ce to, in bai tafi ba ita ma ba inda za ta. Ni kuma ba a tambaye ni ba, amma lissafin a fili yake: in Kaka bai hau motar nan ba, mu uku muna nan, kuma ba wanda ya san ko za a sake samun wata.

Ana jibi tafiya na same shi a ɗakin tebur. Ya ɗaga zanen, yana share ƙura daga kwalkwalin Normandawa da burushin agogo, ba tare da ya motsa ko ɗaya daga wurinsa ba.

"Kaka, in mun naɗe su a auduga ai sai mu tafi da su."

"Ba nawa ba ne duka."

"To mu bar nasa."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Alƙali, a ce gobe an buɗe hanya. Ya hau kekensa ya zo, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya leƙa ta taga ya ga an kwashe tebur. Me zai ce? Zai ce Nasidi ya lissafa ni cikin masu adda, masu kisan nan. Har da ni ya guda." Ya hura burushin. "Gara su same ni a nan."

Akwai abin da na sani wanda Kaka bai sani ba. Papa yana da jika, Priska, ajinmu ɗaya, muna musayar littattafai, kuma lambarta tana cikin wayata. Tun Disamba ban kira ta ba, ita ma ba ta kira ni ba. In na buɗe sunanta sai yatsana ya ƙi. Ina tsoron a ce mini ta mutu. Ina kuma tsoron ta ɗauka, ta ji muryata, ta kashe.

Washegari da hantsi na shiga bayan randa na tsuguna, na danna, na rufe ido.

"Alo?" Hayaniya ce a bayanta, yara na kuka, wani na sayar da gawayi.

"Priska... ni ce."

Har na fara cire wayar daga kunne.

"Ummu? Ke ce? Kina raye, 'yar banza, kika riƙe mini littafi wata da watanni?"

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ita ma haka. Suna sansanin da ke filin jirgin sama, a ƙarƙashin fiffiken wani mataccen jirgi. An ƙone gidansu. An ƙwace wayar Papa a hanya, kuma bai haddace lambar Kaka ba. Da ta ba shi wayar, abin da ya fara cewa ke nan: "Shekara da shekaru ina zuwa da keke, me zan yi da lamba a ka?"

Na gaya masa komai, ina in'ina. Motar gobe, da Mama, da kwaɗo a ƙofa. Na zaci zai ce in kai wa Kaka wayar ya lallashe shi. Sai ya ce, "In na ce masa ya tafi, zai ce ina korarsa. Teburin yana yadda muka bar shi?"

"Ko ƙuda bai taɓa shi ba, Papa."

"Gaya mini ina jirginsa yake, ina mahayana suke."

Na gaya masa daga ka. Ya ce in sa a caja wayar, in kira bayan azahar.

Da Kaka ya dawo daga masallaci na ajiye wayar a kan teku, na buɗe lasifika.

"Bara ala, Orloje," Papa ya gaishe shi da Sango.

Kaka ya nemi benci da hannu ya zauna. Ya cire hula, ya shafa fuska da ita, ya mayar. Da ya yi magana muryarsa ta fito kamar ba komai.

"Metir, ka makara."

"Keke ne ya yi faci."

"To ka tura shi ka zo. Dawakinka sun rame."

"In na taho gawata ce za ta iso, ita kuma ba ta iya wasa ba. Ummu ce hannuna yau."

"Ba a taɓa sojan wani."

"Sai da izinin mai shi. Na ba ta. Alƙali, ƙarya na yi?"

"Haka ne," na ce.

Ban taɓa ɗaukar Banormande ba sai ran nan. Sun fi yadda na zata nauyi, kuma suna da ido, ƙanana baƙaƙe, sai na ga kamar kallona suke. Papa ya ce in ɗauki sarkinsu in kai shi kan ƙoƙon da ya fi nisa.

"Sarkin naka tsoro yake ji?" in ji Kaka.

"Iska yake sha."

Da gajeriyar sanda Bikingawa ba za su taɓa isa can ba, kowa ya gani. Kaka ya yi tsaki ya jera garkuwarsa a tsakiyar ƙauye kamar kullum. Maharban Papa suka fara ɗauke masa mutane ɗaya-ɗaya. Ina jefa ƙwaya, ina faɗa wa wayar abin da ya fito, gwangwanin madara yana ƙara. Mahayan kuwa Papa bai tura su kan garkuwar ba. Ya sa na zagaya da su ta bakin kogi, doguwar sanda bayan doguwar sanda, suna nufin gada. Bayan gadar teku ne, a tekun kuma jirgi.

Sai na ga inuwa a ƙofa. Mama ce, da zanin da take ninkewa a hannu. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

"Orloje, in na haye gadar nan zan cinna wa jirginka wuta. Don Allah ka tsaya inda kake. Kullum a nan nake samunka, na saba."

"Bikingawa ba sa gudu."

"Wa ya koyar da tarihi, ni ko kai? Mutanen nan a jirgi suke zuwa, a jirgi suke komawa, baɗi su dawo su dame mu. Kai kaɗai ka mai da su bishiyoyi."

Aka yi harbi a wajen Miskine. Muka ji shi ta taga, sannan muka sake jin shi ta cikin wayar.

Papa ya ce, a hankali yanzu, "Da silifa ɗaya na bar gidana, Nasidi. Littattafaina duk sun zama toka. Ban tsaya ba, shi ya sa kake jin muryata."

Ban taɓa jin ya kira sunan Kaka ba sai ran nan.

Kaka ya kalli teburin har na fara jin bugun agogunan shago ta bango. Sannan ya miƙo hannu. Na ba shi gajeriyar sanda. Ya auna daga ƙauye zuwa jirgi, ya karɓi doguwar ya auna daga mahaya zuwa jirgi.

"Za su riga ni," ya ce.

"Sai fa in wani ya tare gada," in ji Papa. "Doki ɗaya take ɗauka."

Kaka ya sa yatsu biyu ya ɗauki Gurgu. Ya juya shi, ya duba tsohon liƙin ƙafarsa, ya tsayar da shi a tsakiyar tsinken tsire. Sauran kuma, ɗaya bayan ɗaya, ya juya musu baya, suka fuskanci teku.

Yanzu saura ni. Mahayin farko zai kai wa Gurgu suka, kuma ni zan jefa masa. In huɗu ta fito ko sama, Gurgu ya faɗi, dawaki su haye, jirgi ya ƙone, Kaka ya sha kaye a hanyar gudu, kuma na san ba zai sake yarda da gudu ba har abada. Papa ba ya gani, sai abin da na gaya masa. Amma Kaka yana gani, ya ma maƙala madubinsa a ido.

Na girgiza ƙwayar, ta kuɓuce daga hannuna, ta yi tsalle a kan ƙoƙo ta gangara ƙarƙashin kabad.

"Ta faɗi ƙasa," na ce wa wayar. "Ba a lissafawa."

"Sake jefawa, 'yata. Ba sauri."

Kafin in durƙusa Mama ta riga ni. Ta shigo ɗakin da ba ta shiga, ta zura hannu ƙarƙashin kabad, ta fito da ƙwayar duk yanar gizo, ta goge ta da bakin zani ta danna mini a tafi.

"Ke, riƙe da kyau. Ki yi bisimilla."

"A kan caca, Hureira?" in ji Kaka.

"Baba, ka ƙyale ni."

Na yi bisimilla a zuci na saki. Ta yi birgima a kan kore, ta bugi kwalin ashana, ta tsaya.

"Biyu," na ce. Muryata ba ta fita ba, sai da na sake. "Biyu, Papa!"

"Kai! Wannan doki jaki ne," in ji Papa, amma ina jin Priska tana tafi a bayansa.

Kaka ya auna, ya ɗora mutanensa a jirgi, yana ƙirgawa da leɓe. Rabi da ɗaya. A zagaye na gaba mahaya suka rufe Gurgu gaba da baya, na jefa shida. Na miƙa hannu zan sa shi a gwangwani.

"Dakata," in ji Papa. "Ban kashe shi ba. Kama shi na yi. Fursuna ne."

"Babu wannan a doka," in ji Kaka.

Ya juyo ya dube ni, wayar ma tana jirana. Ni kuwa na haddace littafin nan daga bango zuwa bango.

"Babu," na ce. "Amma ba a hana ba."

"To ka ji. Mai son fursunansa ya dawo ya fanshe shi. Ka ci ni, Orloje. Yaƙi ya ƙare. Kwashe tebur."

"Na ci ka," in ji Kaka. Ya sake faɗa, yana ɗanɗana ta. "Na ci ka, Metir."

"Da gudu."

"Da jirgi."

Ladanin Koudoukou ya kira la'asar. Na jawo farin zane zan lulluɓe, Kaka ya ce in bari, kafin ya dawo in naɗe kowa a auduga, Normandawa a akwatinsu, Gurgu a cikinsu. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalmi.

"Yaushe kika ce motar?"

"Gobe da sassafe, Baba."

"To me kike tsaye kina kallon gumaka? Ina jakata?"

Na ɗauki wayar don in yi godiya. Na shirya kalmomi da yawa, na Faransanci masu kyau, irin na littafi. Da na buɗe baki ba abin da ya fito sai godiyar Sango, "Singila, Papa. Singila mingi." Ya ce in je in taya uwata ɗaure kaya, kuma in na isa in karanta littafin Priska har ƙarshe, tunda dai na sace shi.

Akwatin Normandawa mun bar shi wajen maƙwabciyarmu Hajiya Rahamatu, wadda ta rantse ko gawarta ba za ta bar Kilomita Biyar ba. Ta karɓa da yatsu biyu tana a'uziyya, ta tura shi can ƙarƙashin gado. Kaka bai sa kwaɗo a ɗakin tebur ba. Washegari ya hau motar da ƙafarsa, ya zauna a kan buhuna tsakanina da Mama, jirgin yana cinyarsa a naɗe cikin farin zanen. Hanyar ba ta yi daɗi ba, wannan ma ba zan rubuta ba. Mun isa, mu uku, Abba yana tsaye a bakin iyaka.

Kaka ya sami ɗan tebur a gaban wani shago a Garoua-Boulaï, ya koma gyaran agogo. Bayan an daɗe, da gari ya ɗan lafa, uwar Priska ta shiga Kilomita Biyar sayen shinkafa ta karɓo akwatin. Sai ga hoto a wayata: Gurgu a kan wata tagar kwano, gatarinsa a sama, mahaya biyu suna gadinsa. A ƙasa Priska ta rubuta saƙon Papa: fursuna yana cin abinci, yana gaida maigidansa, kuma ba a yi masa ido ba.

Na kai wa Kaka. Ya maƙala madubinsa, ya kusanto da wayar, ya daɗe yana dubawa.

"Ki gaya masa ya bi ƙafar nan a hankali," ya ce. "Liƙin ya tsufa. In ta sake karyewa kada ya kai wa kowa, ya jira ni."